Luguden Goggo a Hanyar Funtuwa

Tun da aka ƙirƙiro ɗan-shiru, wani ƙarfe kamar ƙwayar wake da ake liƙawa a bayan kunne ya kashe tunani, babu mai shiga gasar gudu ba tare da shi ba. Sai Hansatu.

"Ke kaɗai za ki fita haka?" in ji Goggo Tabawa, wadda ta raine ta.

"Goggo, in na ci, ina so in san na ci."

Ranar gasa, da aka wuce Bakori, tunani ya taso mata: zafin gwiwa, kukan ɗanta da ta yaye, habaicin maƙwabta. Saura kaɗan ta tsaya. Sai ta tuna luguden Goggo: a buga, a cilla taɓarya, a tafa. Ta ɗora sawunta a kan wannan kiɗa, surutun ya lafa, hanya ta miƙe.

Ita ta fara tsinka zaren ƙarshen gasa. Sauran suka iso ido a kafe, suka wuce, babu wanda ya tuna da tsayawa. Danginsu suka bi su suna kiran sunayensu.

Goggo ta rangaɗa guɗa, ta rungume ta.

"Kin ci, 'yar nan. Kuma kin sani."