Madina da Gadon Gwaji

Madina ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin koyon jinya a Bauchi, a shekarar da ƙasa ke ta shirin karɓar mulkin kai. Littafi kam ta haddace shi tsaf. Amma duk ranar Laraba, da an nufi ɗakin gwaji, sai ta dafe goshi ta ce kanta na ciwo.

A ɗakin nan gado ɗaya ne. Ɗalibai biyu-biyu suke yi: ɗaya ta kwanta a matsayin mara lafiya, ɗaya ta naɗa mata bandeji, sannan su sauya. Madina ba ta yarda ta kwanta. Kakarta Dada, wadda ta rene ta a Ƙofar Dumi, ta ja mata kunne cewa mai lafiyar da ya kwaikwayi ciwo kiran sa yake yi. Tun da ba ta kwanciya, sai ta ji nauyin ta kwantar da wata. Haka hannunta ya zauna bai koyi komai ba.

Ƙawarta Cecilia, 'yar Tafawa Ɓalewa, ta sha tsokanar ta. "To Malama Madina, ciwon kan ƙaryar da kike yi duk Laraba fa, shi ba ya jin kira?"

Madina sai ta yi dariya ta kau da maganar.

Ran nan da hantsi aka kawo wani manomi daga Miri, sunansa Bakari, lauje ya yanke shi a tafin hannu. Malamarsu, Sista Felicia, ta ɗinke raunin, aka kira ta wurin wata mai naƙuda, ta bar wa Madina ɗauri. Da Madina ta ga jini na tsattsafowa, sai ta ja bandejin iya ƙarfinta. Bakari ya ce yatsunsa sun fara sanyi, ta ce masa haka ake ji, ya tafi gida abinsa.

Bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Dole likita ya yanke su, ga dawa ta nuna a gona tana jiran hannunsa.

Sista Felicia ba ta ɗaga murya ba. "Madina, ba lauje ne ya ci yatsun nan ba," in ji ta. Ta ce jarrabawar hannu na nan tafe, in ta faɗi, sai ta tattara kayanta ta koma gida.

Wayyo, mai karatu, da ka ga kukan da yarinyar nan ta sha! Amma da Laraba ta zagayo, ita ce ta fara shiga ɗakin gwaji. Ta yi bisimilla, ta hau gadon, ta roƙi Cecilia ta ɗaure ta daidai yadda ita ta ɗaure Bakari. Nan da nan ta ji yatsunta na zugi kamar ana soka mata ƙaya, can kuma suka mutu murus.

"Ashe abin da yake faɗa mini ke nan," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

Daga ranar kullum tana kan gadon ko tana gefensa, har hannunta ya yi laushi ya san aikinsa. Ciwon da Dada ke tsoro kuwa, ko mura ba ta yi ba.

Ranar jarrabawa, wanda aka zaunar a gabanta don wankin rauni Bakari ne. Yana ganin ta ya janye hannunsa.

Ta durƙusa. "Baba, na cuce ka, ka yafe mini. In ɗaurin ya matse ka faɗa, yanzu na san yadda ake ji."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya miƙo hannun. Ta wanke, ta naɗa a natse, ta latsa farcensa ta ga jini ya dawo. Bakari ya motsa sauran yatsun, ya dubi Sista.

"Wannan kam ta zama nas. A ba ta hularta."

Ɗalibai suka kaure da tafi, Cecilia ta rangaɗa guɗa har Sista ta harare ta tana murmushi. Madina ta fito da farar hula a kanta, kuma shekara da shekaru marasa lafiya suna neman hannunta da suna.

Jama'a, camfi ba ya kare kowa daga ciwo, sai dai ya hana koyo. Duk aikin da ya shafi jikin ɗan Adam, a gwada shi a inda kuskure ba ya cutar da kowa, kafin a kai hannu ga mara lafiya.