'Yar Feriga a Tsagar Dutse

"Ka ɗauki gangaren da ciyawarsa, ni ka bar mini ƙaton dutsen nan," na ce wa ƙanena, ranar da muke rabon makiyayar babanmu a duwatsun Karpat.

"Yaya, tumakinka tsakuwa za su ci?"

"Kai dai miƙo hannu."

Muka tafa, muka rufe da tuwon masara da cuku. Yana murna ya cuci tsoho, ni kuwa dariya nake a ciki.

Bai lura ba, a tsagar dutsen, ɓangaren da rana ba ta leƙawa, akwai wani ɗan tsiro da muke kira feriga. Ba ta fi yatsa tsawo ba, ba ta fure, ganyenta kamar gashin tsuntsu, bayansa da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Ba ta zama sai inda dutse ke gumi. Na ce a raina, ruwa na nan kwance, rani kuma na tafe.

Ɗan rafin da ke gangaren ƙanena na ƙafewa na ɗauki guduma. Na yi ta fasa dutsen har kafaɗata ta sage, sai ga ruwa ya ɓalle, sanyi ƙarara. Na yi ihun murna. Ruwan ko kallona bai yi ba, ya bi gangare ya nufi makiyayar ƙanena.

Daga can ƙasa ya ɗaga mini hula. "Yaya, in ka huta ka ƙara buɗa shi, tumakin da yawa!"

Shi ya samu rafi, ni na samu tsakuwar da ya faɗa. Ferigar da ta tsegunta mini kuwa, tun bugun farko gudumata ta niƙe ta.