Ƙanwata Ba Ta Cikin Ƙidaya

"Babu yaro mai ciwon damuwa a unguwarku," in ji ma'aikacin asibiti, yana nuna mini takardar ƙidaya. "Shi ya sa aka tura likitan ƙwaƙwalwa zuwa wani gari."

Shekara biyu ƙanwata ba makaranta, sai kuka da cizon yatsu.

"Wane makaho ne ya ƙirga mu?" na ce, ni da ko gaisuwa ba na ɗaga ido.

Sai na tuna ranar da mai ƙidayar ta zo. Inna ta ce, "Ɓoye ta, kar mu zama abin dariya."

Ni na toshe wa ƙanwata baki a bayan ƙofa. Har yau shatin haƙoranta yana tafin hannuna.