Saƙon da Ba a Karanta wa Mama Tamar Ba

"Kai ka kashe mini ɗa! Kofur, kama shi!"

Mama Tamar ta cakumi rigar Calvin a ƙofar gidan da take girki a Nassarawa GRA. Shi ne namijin da ɗanta Dennis ya aura a Turai, ga shi ya rako gawarsa gida. Ƙanenta Sebastian, dattijon coci, yana gefe yana zuga ta, wai doka ta tanadi ɗaurin shekara sha huɗu kan irin wannan aure. So take Calvin ya ruɓe a kurkuku.

Calvin ya miƙa wayar mamacin ga kofur ɗin 'yan sandan da ke wurin. "Karanta mata."

Kofur ya karanta saƙon Dennis: "Mama, kirana ba ya shiga. Ina asibiti. Ki bari in ji muryarki ko sau ɗaya."

Saƙo tara. Amsa ɗaya tak, daga lambarta: "Ba ni da ɗa."

Ita ba ta iya karatu ba. Sebastian ke duba mata waya, duk saƙon da ya shigo sai ya ce talla ce.

Ta saki rigar, ta juya.

"Sebastian! Coci ce ta aike ka, ko doka? Ɗana na mutuwa yana kirana! Kofur, ba inda za ka sai wannan ya amsa mini!"