Bargo Mai Gemu Hagu da Dama

Tunda an ƙi jin magana a miƙe, ga ta a lanƙwashe, kuma kyauta, don a garin nan mai hikima ko ruwan randa ba a miƙa masa.

An yi wata gwanar saƙar kwarashi, wadda duk jaririn da aka haifa a unguwarsu hularta yake fara sawa. Tana tsaka da cin zamaninta sai wata tsohuwar ɗalibarta ta dawo daga birni da sabuwar saƙa. Kowane layi launinsa ɗaya, ba a juya aikin, in an kai ƙarshe a yanke zare a koma farko, ana zura kwarashi ƙasa ana hawar da wannan launi kan wancan, har zane ya fito kamar adon bangon zaure. Mata suka kwashe suka koma can. Gwanar ma ta je, wai barka da dawowa, ta zauna bakin tabarma tana hira, idonta kuwa yana kan yatsun mutane. Da ta ga ta ɗauke hannun, ta kakkaɓe zani ta miƙe. Ɗalibar ta ce, "Inna, ki dawo ranar da za mu yi bakin saƙar, nan aikin yake." Ta ce, "'Yar nan, ina kalmasa baki tun uwarki na tallan gyaɗa."

Lokacin 'yar gwanar na da cikin fari, a gidan dangin miji masu sa ido, waɗanda tun ranar jere suke gorin ba a kawo musu abin kallo ba. Gwanar ta ƙudura ranar suna da bargo za ta rufe musu baki. Ta sayo ulu ja da shuɗi da fari da ruwan ɗorawa. Damina ta faɗi ta ɗauke tana duƙe, kafaɗa na ciwo, zane na tasowa layi bayan layi, har ita kanta takan shimfiɗa shi a gado ta tsaya tana yaba wa hannunta. Sai dai kowane layi ya bar jelar zare a farkonsa da ƙarshensa, bargo ya yi gemu hagu da dama. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, wannan bargo ne ko bunsuru?" Da gwanar ta taka zuwa gidan ɗalibar, da ta ga yadda ake yi: jelar nan ba a taɓa ta, baki biyu ake saƙawa, ɗaya gaba ɗaya baya, a kwantar da ita tsakaninsu a rufe, ita ce ke riƙe da ƙullin kowane layi. Amma yaya za a yi ta yi sallama a matsayin mai koyo, matan unguwa na kallo? Ta ɗauko almakashi ta aske gemun ƙwal har gindin ƙulli, ta bi da siririn bakin da ta saba. Bargo ya fito tas kamar ango daga hannun wanzami.

Ranar suna ta bari sai da tsakar gida ta cika maƙil, sannan ta kwance ɗaurin bargon. Aka rangaɗa guɗa. Gwaggon mijin, wadda ta fi kowa gori, ta kama gefe, wata ta kama ɗaya gefen, suka ja don a ga zanen sosai. Ƙullin farko ya zame. Baki ya saki, jan zare ya biyo yatsan gwaggo, shuɗi ya bi shi, fari ya bi shuɗi, gefen bargon ya dinga warwarewa kamar taliya a tafasasshen ruwa. Guɗa ta mutu a bakin mai yin ta. Gwaggo ta ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Ayya. A kawo faranti a tattara wa Hajiya zarenta, kada yara su taka."

Mai jego ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙa hannu bayan katifa, ta jawo shawul ɗin kasuwa da uwar mijinta ta saya, ta naɗe jaririn a ciki, a gaban uwarta. A cikinsa aka zaga da shi hannu-hannu, a cikinsa aka ɗauke shi hoto. Gwanar kuwa ko tuwon suna ba ta tsaya ci ba, ta fice ta bayan gida da aikin damina guda a ƙulle cikin leda.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.