Hancin Malam Muttaka

Malam Muttaka ya zare murfin kwalbar, ya kai ta hanci, ya ja numfashi. Shiru. Ya sake ja har kafaɗunsa suka ɗaga. Ko ɗis.

Shekara talatin da huɗu yana haɗa turare a kasuwar Kurmi, kuma duk unguwar Soron Ɗinki an san hancinsa. Mutum zai gifta ta bayansa, ba tare da ya waiwaya ba ya faɗa masa abin da ya shafa da inda ya saya. Wannan kwalba kuwa ita ce gwanintarsa: haɗi mai ruwan sifirit, mai ƙarfin da ɗigo ɗaya ke kwana uku a riga. Ba ta sayarwa ba ce. A kan kanta take zaune, kusa da kwalin sababbin kwalabe da dokar kulle ta hana shi kaiwa shago.

Tun da korona ta shigo Kano, rediyo ta faɗa masa alamominta, shi kuma ya haddace su tsaf. Ta ukun ita ce daina jin ƙamshi. Don haka kowace safiya wannan kwalba ce likitansa. Yau likita ya yanke hukunci.

Kuma sai a yau! Yau da za a sallamo autarsa Ikram daga asibiti, ta zo wankan jego da jaririnta. Mijinta Nazeer ya riga ya yi alkawari: yaron sunan Malam zai ci. Malam ya zauna a bakin gado. Ya ɗaura takunkumi, ya ƙara wani a kai, ya danna sakata.

"Jummai," ya kira matarsa ta bayan ƙofa, "kada kowa ya shigo. A ajiye min abinci a nan."

"Lafiya, Malam?"

"Taka-tsantsan ne kawai."

Jummai ba ta ja zancen ba, don ta san mijinta. Mutumin da ke wanke carbinsa da omo tun watan jiya, me kuma ya rage? Ita ma aiki ya sha mata kai. Tun asuba ta girke bokitin wanke hannu a zaure saboda 'yan barka, sabulu kuma ya yi ƙaranci a unguwa.

Haka kwanaki suka ja. Azumi ake, idan aka sha ruwa kunu ya zo masa salam, ya girgiza kai. Bai tuna cewa sukarin gidan ya ƙare ba. Ya nemi shayi, aka ce ganyen ma ya yi ƙasa. Hayaƙin girki kam yana shigo masa, amma ya ce wannan ido ne ke ji, ba hanci ba. Kwalba ce ba ta ƙarya, kuma kullum amsarta ɗaya.

Ta taga yana jiyo hayaniya a ƙofar gida daga safe har la'asar. Mata, tsofaffi, har mutanen Mandawari da ba su taɓa taka gidan ba, kowa ya zo wanke hannu. Wani ma sau uku a rana. Malam ya dafe ƙirji. Shi ke nan, labari ya fita, duk wanda ya gifta gidansa sai ya wanke hannu!

Abin da ya fi ci masa rai kukan jaririn ne. Taku goma ne tsakaninsu, amma bai taɓa ganin fuskarsa ba. Nazeer ne ya yi wa yaron huɗuba, Malam yana ji ta bango yana share hawaye da gefen takunkumi. Wallahi ya ji tsoro. Ba mutuwar kaɗai ba, har da tashi lafiya ba hanci, ya koma yana sayar da turare da ka, kamar kowa.

Ana gobe suna ya yanke shawara. Ba zai bari a taru a kan jikansa shi yana ɓoye da cuta ba. Zai kai kansa a killace shi. Ya ninke kaftani biyu a jaka, ya sa carbi da magani, ya buɗe ƙofa, ya ce kowa ya tsaya nesa.

Ikram ta fito da jaririn a kafaɗa. Jummai ta fito da muciya a hannu.

"Ku yafe ni," in ji shi. "Kwana shida ba na jin ƙamshi. Abin ya kama ni."

Ikram ta fashe da kuka. Malam ya ajiye kwalbar a tsakar gida, ya ja da baya.

"Wannan ta takwara ce. In ban dawo ba, a shafa masa ranar aurensa. Ita ce ta fara faɗa min gaskiya."

Jummai ta dubi kwalbar. Ta dubi mijinta. Muciya ta suɓuce daga hannunta, ta sulale ta zauna a kan turmi, ta rufe baki da mayafi. Kafaɗunta na girgiza, kuma ba kuka take ba.

"Malam, ajiye jakar nan ka zo ka ɗauki jikanka," ta ce da ƙyar. "Rediyon da kake ji, ni ma ina ji. Cewa suka yi abu mai sifirit yana kashe cutar. Turarenka yana cikin bokitin zaure, kai kuwa kwana shida kana shinshinar ruwan shayi a sabuwar kwalba."