Babin da Aka Zare

Littattafai biyu ne a kan dardumar Malam Balarabe, ɗaya da Jamusanci, ɗaya da Larabci, kuma tun bayan azahar yatsansa ke kai-komo tsakaninsu.

Muhsin, wani ɗalibi Bazazzagi mai rubuta kundin digirinsa a jami'a, shi ya kawo na Larabcin har gida, a unguwar Khalidiyya. Na Jamusancin kuwa Zakiyya, 'yar Malam, ta zaro shi daga ƙasan akwati. Duk Hausawan Madina babu mai karanta wannan harshe sai tsohon, don ya yi shekara tara, ko sha ɗaya ne, yana aikin rediyo a Jamus tun gashinsa na baƙi. Yanzu yakan manta ko ya ci abinci, yakan kira Zakiyya da sunan mahaifiyarta. Amma Jamusancin bai gudu ya bar shi ba.

Wani ɗan jarida Bajamushe ne ya rubuta littafin, mutum mai kaifin alƙalami. Ya bi tarihin Yahudawa ƙarni bayan ƙarni, ya caccaki masu aƙidar Sahyoniyanci, ya ce zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka korar wani daga gidansa. Fassararsa ta Larabci ta fito shekara arba'in da suka wuce, babu sunan mai fassara. Masu wa'azi da yawa sun kafa hujja da ita, wai ga Bajamushe ma ya shaida duk Bayahude mugun iri ne.

Malam ya tsaya a babin farko na Jamusancin, inda aka ja dogon layi da fensir daga sama har ƙasa.

"Ina wannan babin a naka?"

"Babu shi, Malam," in ji Muhsin.

Sai Malam ya shiga karanta masa yana mayarwa Hausa, wani lokaci ma bakinsa na riga yatsansa juya shafi. Ashe marubucin Bayahude ne. A babin ya faɗi yadda aka loda mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu a taragon dabbobi, ba su dawo ba. Ya ce dominsu yake rubutu, kuma faɗansa faɗan ɗan gida ne. Duk wannan mai fassara ya zare shi. Can gaba kuma ya cusa zagin da mutumin bai taɓa yi ba.

Malam ya ɗago kai daga littafin.

"Mutum ya yi kukan uwarsa, an ɗauki kukan an zagi uwar da shi. Ka nemo mini wanda ya yi wannan aiki, Muhsin. In yana raye, da sauran dama. Ya tuba, ya rubuta gaskiya kafin a tura masa ƙasa. In kuwa yana sane ya yi shiru, Allah ya isa! Zakiyya, ki ce amin."

"Khalas, ya isa haka, ya Abuya, shayinka ya huce," ta ce wa mahaifinta.

"Na ce ki ce amin!"

Ta kwashe kofuna ta fita.

Da aka kira la'asar Muhsin ya yi sallama. Zakiyya na tsaye a bayan ƙofa tana jiransa. Ya rage murya.

"Hajiya, wasiƙun maɗaba'ar da ta buga fassarar suna hannuna. Dole sunan mai fassarar ya shiga kundina."

"Ka sa. Haƙƙin marigayi marubucin ne. Amma kada ka faɗa masa."

"Ai shi da kansa ya ce a nemo mutumin ya tuba."

Daga ciki suna jin tsohon yana ta maimaita Allah ya isa.

"Bara ma wani ya zo da littafin nan, na faɗa wa Abuya gaskiya," ta ce. "Ya yi kuka har numfashinsa ya sarƙe, ya ce maza a kawo takarda. Kafin in dawo da biro yana share hawaye yana tambayata wa ya rasu. Ya manta, kamar yau, cewa shi ne ya fassara littafin."